Ku Tambayi Anti: Wasan Siyasar Yaranmu Ya Fara Fin Ƙarfin Admin

Jama'a barkanmu da wannan mako. Akwatin saƙona ya cika da magana iri ɗaya har abin ya ba ni mamaki, wato wasan nan da matasa ke yi a waya, su ƙirƙiri ƙasa ta ƙarya, su rubuta mata tsarin mulki, su kafa jam'iyyu, a yi kamfe a yi zaɓe, wannan minista wancan kakakin majalisa, har juyin mulki ake yi. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu don wallahi wani saƙon sai ka ɗauka kundin digiri ne.

Ni ne admin kuma ni ne shugaban ƙasa

*Salam Anti, sannu da aiki. Ni ɗalibi ne shekarata 19. Bara ni da abokina muka buɗe wasan siyasa a manhajar hira ta Discord, akwai majalisa da jam'iyyu uku, duk bayan wata biyu ana zaɓe. Da mu 12 ne, yanzu mun haura 80 kuma akwai 'yan shekara 14 da 15 a ciki. Ni ne admin, kuma ni na ci zaɓen shugaban ƙasa. Satin da ya wuce wani ɗan adawa ya zagi wata yarinya har da iyayenta sai na cire shi, yanzu jam'iyyarsu na cewa na yi amfani da admin na murƙushe adawa, sun buɗe wani guruf suna ta zagina, har hoton ƙofar gidanmu wani ya saka. Ko barci ba na iya yi. Laifi na yi ne?*

Ƙanina, cire yaron nan daidai ne, wanda ya zagi iyayen wata ai ba siyasa yake yi ba rashin kunya yake yi. Amma ba hannunka ne ya kamata ya cire shi ba, kuma nan ne ka faɗa rami. Ka taɓa ganin alƙalin wasa sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke fili? Ko da ya busa gaskiya tsantsa ba wanda zai yarda. Iko biyu ne a hannunka kuma ba jinsinsu ɗaya ba. Na shugaban ƙasa na wasa ne, ƙuri'a ce ta ba ka kuma ƙuri'a za ta iya ƙwacewa, a tsige ka a yi dariya a wuce. Na admin kuwa na gaske ne, da shi kake rufe bakin mutum, ka goge abin da ya rubuta, ka raba shi da abokansa da taɓa waya sau ɗaya. Ranar da ikon nan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya to duk hukuncin da ya yanke za a karanta shi da idon siyasa, ko da kuwa shi waliyyi ne.

Ni ma na taɓa yin irin wannan kuskuren lokacin ina koyarwa, mun kafa majalisar ɗalibai ta gwaji, don in huta sai na miƙa wa yarinyar da aka zaɓa kakaki littafin rubuta sunayen masu surutu. Yarinya ce mai hankali fa. Sati uku ba a yi ba na buɗe littafin na ga duk sunayen 'yan ɓangare ɗaya ne, na kira ta, ta rantse min ita ba da gangan ta yi ba, kuma na yarda da ita, kawai dai surutun nata mutanen ba ya shiga kunnenta a matsayin surutu. Laifin nawa ne da na ba ta littafin.

Dubi yadda manyan wasannin suke yi. Akwai NationStates, wanda wani marubuci ɗan Ostireliya, Max Barry, ya buɗe a 2002 don tallata littafinsa, yau sama da shekara ashirin ana bugawa. A can an yarda gungun 'yan wasa su mamaye yankin wasu su ƙwace mulki, wannan cikin wasa ne, ba wanda zai kore ka a kai. Suna da babbar majalisar ƙasashe da ke zartar da ƙudurori, wadda da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya take amsawa har sai da ta gasken ta aiko musu da takardar gargaɗi a 2008 suka sauya suna. Amma duk ƙarfin majalisar nan ba ta da ikon kaɗa ƙuri'a ta soke dokokin gidan, kuma mutum ɗaya ƙasa ɗaya tak zai shigar cikinta, in aka kama ka da biyu waje za a yi da kai ko kai wane ne. Ka ga dokar wasa daban, dokar gida daban. Ku naku duk a tukunya ɗaya kuka zuba.

To ga abin da zan yi in ni ce kai. Yau ɗin nan ka zaɓi ɗaya, ko ka sauka daga shugabancin ƙasa ko ka miƙa makullin admin. Ni dai shawarata ka sauka daga mulkin, don kai ka gina gidan kuma ka fi kowa sanin inda yake yoyo. Ka nemo mutum biyu da ba sa cikin kowace jam'iyya ku zama uku, aƙalla ɗaya ta kasance mace saboda akwai ƙorafin da yarinya ba za ta taɓa kai wa namiji ba. Duk hukunci a rubuta shi a wuri ɗaya da ku ukun ke gani: wa ya yi, me ya yi, wace doka ya taka, me aka yanke. Kuma kar ku fara da kora, a yi gargaɗi, in ya sake a rufe masa baki na kwana ɗaya ko uku, kora ta zama ta ƙarshe, sai dai in laifin irin wanda ba a jira ne kamar barazana ko fallasa sirrin wani. Wanda aka hukunta ya samu inda zai ɗaukaka ƙara wurin admin ɗin da ba shi ya yanke hukuncin ba. Dokokin gidan kuma kar su wuce abin da yaro zai karanta a minti biyu, na ga wasu guruf tsarin mulkinsu shafi talatin amma ba layi ɗaya da ya ce kar a saka hoton wani ba da izininsa ba.

Maganar hoton ƙofar gidanku kuwa, wannan ta fita daga wasa gaba ɗaya, kar ka bari kowa ya ce maka ai adawa ce. Ka ɗauki sikirinshot, ka kai rahoto wa Discord don dokarsu ta hana wallafa bayanan mutum irin adireshi, sannan ka gaya wa wani babba a gidanku yau, ba gobe ba. Na san za ka ji kunya wai a ce wasan waya ya kai ka ga haka, ka daure ka faɗa.

Kuma kar ka yi mamakin yadda abokai suka koma maƙiya a kan ƙasar da babu ita a taswira. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Turkiyya, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 'yan kimanin shekara 11 wani sansani a Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki an ƙona tutar wani ɓangare, an kai farmaki ɗakunan kwana, ana kiran juna da munanan sunaye, yaran da ba su taɓa sanin juna ba balle su yi gaba. Daga baya an soki masu binciken cewa su ma sun zuga wutar, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya sasanta su. Wa'azi bai yi ba, zama wuri ɗaya ma bai yi ba, sai da ruwan sansanin ya yanke dole suka haɗu neman inda matsalar take, motar da ta ƙi tashi kuma suka ja ta da igiya tare. Don haka bayan ƙura ta lafa ka jefo musu wata masifa a cikin wasan, fari ko ambaliya ko annoba, wadda jam'iyya ɗaya ba za ta iya magancewa ba sai da ƙuri'ar ɗaya.

'Yata minista ce, amma wani na yi mata magana da tsakar dare

*Anti ina wuni. 'Yata shekararta 14, tana wani wasan gwamnati a waya, da farko na ji daɗi don har kalmomi irin su ƙudiri da kasafin kuɗi ta iya. Kwanan nan na lura ba ta barci sai ƙarfe biyu, na duba wayar na ga wani da suke kira uban jam'iyya yana mata magana ita kaɗai. Ya ce shekararsa 17. Shi ya ba ta minista, yana ce mata ta fi sauran hankali, ya ce maganarsu sirrin jam'iyya ce kar ta gaya wa kowa, ya tura mata katin waya sau biyu, yanzu kuma yana neman hotonta wai na fostar kamfe, ya ce su koma wata manhaja da saƙo ke gogewa. Babanta bai sani ba. In ƙwace wayar ne?*

'Yar'uwa, na ajiye duk abin da nake yi na karanta saƙonki sau uku. Ba zan ɓoye miki ba, abin da kika lissafa ɗin nan a jere, yabo na musamman, kyauta, sirri, neman hoto, a koma inda saƙo ke ɓacewa, shi ne ainihin matakan da masu yaudarar yara ke bi, kamar suna karantawa daga takarda ɗaya. Wataƙila da gaske shekararsa 17, wataƙila 37 ce, a waya kowa na iya zama ɗan kowace shekara. Kuma ko da 17 ɗin ce abin da yake yi bai halatta ba.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa wasan siyasa ya fi sauran wasanni daɗin aiki ga irin waɗannan mutane, don ki gane 'yarki ba sakarya ba ce. A wasan ƙwallo ko na tsere in baƙo ya ce wa yarinya zo mu yi magana a ɓoye, nan take za ta ji wani iri. Amma a siyasa ai ɓoye-ɓoyen na cikin wasan, ana ƙulla yarjejeniya a bayan fage, ana raba muƙamai, akwai ubangida akwai yaransa, kuma wanda ya ba ka kujera kana jin nauyinsa. Duk kayan aikin da mugu ke buƙata wasan ya riga ya tanadar masa. In ya ce kar ki gaya wa kowa sai ta ɗauka dabarar zaɓe ce. In ya ce turo hoto sai ta ɗauka fosta ce. In ta yi jinkiri kuma ya ce to akwai wata da ke son kujerar. Yarinya 'yar 14 da aka fara kira mai girma minista a gaban mutum tamanin, kina ganin da sauƙi za ta saki?

Kar ki ƙwace wayar cikin fushi, kuma don Allah kar ki fara da faɗa. Babban makamin mutumin nan shi ne tsoron da take ji na ranar da za ki sani, in kika tabbatar mata da tsoron to kin tura ta wurinsa, gobe da wayar ƙawarta za ta neme shi. Ki zaunar da ita lokacin da ba kowa, ki fara da tambayarta wasan, wace ma'aikata take riƙe da ita, wane ƙudiri ta kawo, ki saurara da gaske. Sannan ki ce kin ga saƙonnin, ba ki yi fushi da ita ba, ba ita ta yi laifi ba, kuma ko ta riga ta tura wani abu ba abin da zai sa ki juya mata baya. Wannan jimlar ta ƙarshe ki faɗe ta a fili ko da zuciyarki na bugawa, don sau da yawa abin da uwa ta gani a waya rabin labarin ne.

Kafin a goge komai ko a yi bulokin ɗinsa, ku adana shaida: sunan da yake amfani da shi, lambarsa in akwai, sunan guruf ɗin, saƙonnin da ranakunsu, da shaidar katin da ya turo. Amma ki kula, in akwai hoton tsiraici na yarinya kar ki ɗauki sikirinshot ɗinsa, kar ki tura wa kowa ko da 'yar'uwarki ce don neman shawara, a ƙasashe da yawa riƙe irin wannan hoto ko tura shi laifi ne babba ko da niyyar mutum mai kyau ce, ki bar shi inda yake hukuma ta gani da kanta. Kar ki kira shi ki zage shi, kar babanta ya yi shigar burtu ya yi kamar shi ne ita don ya kama shi, yana jin ƙamshin an gano shi zai goge asusun ya buɗe wani da sabon suna ya koma kan 'yar wani. Ku kai rahoto a cikin manhajar, ku kai wa 'yan sanda ko hukumar kare yara ta inda kuke. In ya fara barazanar zai watsa wani abu sai an ba shi kuɗi ko ƙarin hoto, kar a ba shi ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Akwai kuma wata hanya kyauta mai suna Take It Down ta NCMEC, wata cibiyar kare yara da ke Amurka, an yi ta ne don waɗanda aka ɗauki hotonsu suna ƙasa da 18, hoton ba ya barin wayar, wata lamba ce kamar zanen yatsa ake cirowa daga jikinsa a rarraba wa kamfanonin da suka shiga tsarin irin su Facebook da Instagram da TikTok don su gane shi su sauke.

Babanta fa? Ke kika san mijinki. In mai saurin hannu ne ki fara shirya shi ke kaɗai kafin ya ga yarinyar, amma ɓoye masa gaba ɗaya nauyi ne da bai kamata ki ɗauka ke kaɗai ba.

Sai admin ɗin wasan, a sanar da su, don na tabbata ba 'yarki kaɗai ya ba muƙami ba. Su kuma masu riƙe da irin waɗannan guruf da ke karanta ni, ku ari dokar da ƙungiyar sikawut ta Amurka ke bi, babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko a fili ko a saƙon waya, dole a samu babba na biyu a wurin. Ku mayar da ita dokar gida: duk tattaunawar jam'iyya a yi ta a ɗakin da admin ke iya leƙawa, ba a raba muƙami a saƙon sirri, ba a neman hoton fuskar kowa don fosta, a yi amfani da zane ko tambari. Mai neman a koma wata manhaja da yaro, wannan kaɗai ya isa a sallame shi ba sai an jira ya yi wani abu ba. A Discord akwai inda ake kashe saƙon kai tsaye daga 'yan guruf, ki zauna da ita ku kashe tare, akwai kuma tsarin iyaye da suka fito da shi a 2023 da ke nuna miki su wa take magana da su ba tare da nuna abin da suka ce ba, kuma sai da yardarta ake haɗawa, wanda ni a ganina hakan ya fi leƙen asiri a ɓoye.

In ta ce tana son ci gaba da wasan bayan an kawar da shi, ni ba zan hana ba, in dai masu gidan sun gyara. Ita ba ta yi abin da za a kore ta daga ƙasarta ba.

Wasa ne fa, me ya sa aka kore ni?

*Anti ni shekarata 16. A wasanmu na zaɓi in zama ɗan kama-karya don wasan ya yi daɗi, kowa na yin mutumin kirki abin ya zama salam. Na sa tutar Nazi a jam'iyyata na ce in na ci zaɓe zan kori wata ƙabila daga ƙasar. Sai aka kore ni wai na yi kalaman ƙiyayya. Ni fa ba haka nake a zuciyata ba, ina da abokai 'yan ƙabilar. Ba zalunci ba ne wannan?*

Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Wasan siyasa da babu mugu a ciki ba ya daɗi, dole a samu mai maguɗi da mai sauya sheƙa da mai cin amana, kuma wanda ya iya taka rawar azzalumi da kyau yana koya wa sauran yadda ake tsayawa a gaban azzalumi. Na kuma yarda ba haka zuciyarka take ba.

Amma ƙasarku ta ƙarya ce, ƙabilar da ka ambata kuwa ta gaske ce, kuma akwai ɗanta a guruf ɗin yana riƙe da waya yana karantawa. Shi ba ɗan wasan da ka ƙirƙira ya ji ba, kai ya ji, da irin kalmomin da wataƙila an taɓa jifan iyayensa da su ido da ido. Tutar nan ma ba ado ba ce, a ƙarƙashinta aka hallaka Yahudawa miliyan 6 da wasu miliyoyin mutane, shi ya sa har yau a Jamus ɗaga ta a bainar jama'a laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. Kuma admin ba ya ganin zuciya, rubutu yake gani. Masu jan matasa zuwa ƙungiyoyin ƙiyayya na gaske da raha suke farawa, sitika da barkwanci, in an yi magana su ce wasa ne, suna lura da wanda ya yi dariya su bi shi ta gefe. Ta yaya admin zai bambanta ka da su?

A 1967 wani malamin tarihi, Ron Jones, a wata sakandare da ke Palo Alto ta Kalifoniya, ya so ya nuna wa ɗalibansa yadda Jamusawa suka bi Hitler, sai ya ƙirƙiri ƙungiyar wasa a aji, da gaisuwarta ta musamman da katin zama ɗan ƙungiya. Kamar yadda ya ba da labari, daga aji ɗaya abin ya kai ɗalibai wajen 200, yara suka fara kai ƙarar junansu, a rana ta biyar dole ya tsayar da abin. Malami ne fa, yana tsaye a cikin ajin, kuma shi ya ƙirƙiro wasan da hannunsa.

Ka rubuta wa admin, kar ka ce amma, ka ce ka gane inda ka taka kuma ka nemi afuwar waɗanda abin ya shafa. In sun mayar da kai ka yi kama-karyarka da kayan da ka ƙera da kanka, ka zana tutarka, ka ƙirƙiri mutanen tsibiri ko na tsauni da babu su a duniya, ka ƙaƙaba haraji a kan masu dogon suna, ka ɗage zaɓe sau uku saboda wai ana ruwa. Wannan ya fi wuya kuma ya fi ban dariya. Su ma masu gidan da sun rubuta tun farko cewa ba a shigo da ƙabila ko addini ko jam'iyyar gaske cikin wasa, da ba a kai nan ba.

In rufe kawai in huta?

*Malama, ni malamin sakandare ne, ɗalibaina suka roƙe ni in zama mai sa ido a wasansu. Yanzu baƙi sun fara shigowa, ban san shekarun kowa ba. Wani ya ce in riƙa karɓar hoton katin shaida. Ni kuma na gaji, ina tunanin rufewa.*

Malam, katin shaida dai a'a. Ranar da ka tara hotunan katin yara hamsin a wayarka ka zama ma'ajin abin da ba ka da ƙarfin karewa, waya na ɓata, ana kutse, kuma mai mugun nufi katin ƙaninsa zai turo maka. Manyan kamfanoni da kuɗinsu ma tantance shekaru na ba su wahala. Discord da WhatsApp duk 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, a wasu ƙasashen ya fi haka, lambar 13 ɗin kuma ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 kan tattara bayanan yara, ba wai wani ya auna ya ga ɗan 13 ya isa fuskantar baƙi ba ne. Birtaniya ta yi dokar tsaron intanet a 2023, Ostireliya ta zartar da tata a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 riƙe asusu a manyan shafukan sada zumunta, amma ba dokar da za ta zauna maka a guruf ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Abin da ke hannunka shi ne ƙofa. Ka kashe linkin da kowa ke shiga da shi, ka tsaya a kan ɗaliban da ka san fuskarsu, baƙin da suka riga suka shigo kuma a sallame su cikin mutunci. Ka sanar da shugaban makaranta da iyaye a rubuce, ka samo malama ɗaya ta shiga tare da kai, wannan kariya ce gare ka kai ma. Ka sa lokacin tashi, majalisa ta rufe ƙarfe tara na dare, ba zaɓe a satin jarrabawa, don da yawan rigimar da dare take tashi lokacin da kowa ya gaji kuma manya sun yi barci. Ɗalibai za su iya taya ka share surutu da tallace-tallace, amma ƙorafin da ya shafi batsa ko barazana ko yaron da ya ce zai cutar da kansa, wannan kai tsaye wurinka zai zo, kar a ɗora wa ɗan 15 wannan kaya.

Rufewa kuwa, in ka rufe yau gobe za su buɗe wani ba tare da kai ba, ka ga na wasiƙar farko ma abin da 'yan adawarsa suka yi ke nan. Kuma abin na da amfani in an riƙe shi da kyau, a Amurka tun 1935 ake tara 'yan sakandare su kafa gwamnatin gwaji, ta irin wannan shirin ne Bill Clinton, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yana ɗan 16 ya gaisa da Shugaba Kennedy a 1963, a Birtaniya kuma tun 2009 ake barin majalisar matasa ta yi zama a ainihin zauren majalisar dokoki. Sai dai duk waɗannan suna da ranar farawa da ranar gamawa, kai ma ka yi haka, zango ɗaya na sati shida ko takwas, a rantsar da gwamnati, a yi mulki, a rushe, kowa ya koma talaka, a huta sati biyu kafin a sake sabon zubi da sabbin jam'iyyu. In zangon ya ƙare ka ga har yanzu ba ka samu malamar da za ta taya ka ba, to kar ka buɗe na biyu sai ka samu.